Babur Na Farko: Tambayoyin Da Ya Kamata Matashi Ya Amsa Kafin Ya Murza Totur

 

Bayan an idar da sallar Asuba a wata Lahadi, wani matashi daga cikin masu zama karatu a masallacinmu ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso ya durƙusa. Tela ne, bai wuce shekara ashirin da biyu ba. Ya ce ya kwashi adashe, mahaifiyarsa kuma ta sayar da tumakinta biyu ta cika masa, yana son sayen babur domin kai ɗinki da sayo yadi, da yamma kuma ya ɗan ɗauki fasinja a ƙauyukan da ke kewaye. Tambayarsa guda ce: "Allah gafarta Malam, an ce sai na yi inshora, wasu kuma sun ce haramun ce. Yaya zan yi?"

Na ce masa zan amsa, amma sai ya fara gaya mini wane babur zai saya, a hannun wa, da wane irin ciniki. Ya yi shiru. Ashe abin da ya tsayar a ransa launin babur ɗin ne kawai.

Ban yi mamaki ba, domin na san abin da babur yake nufi ga saurayi a ƙasarmu. Shi ne dukiya ta farko mai suna da yawancinsu suke mallaka. Da shi ake neman abinci, da shi ake kai mahaifiya asibiti, da shi ake zuwa zance. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har masu mota da yawa sun ajiye ta sun koma kansa. Farashin sabon babur na aiki kuwa ya haura naira miliyan ɗaya, kuɗin da iyali da dama ba su taɓa riƙewa a dunƙule ba. Wanda zai zuba irin wannan dukiya a kan taya biyu, ya kuma shiga da ita cikin mutane, ya cancanci a zauna da shi a yi magana mai tsawo.

Zaɓen babur kansa bai da wahala idan mutum ya faɗa wa kansa gaskiya a kan aikin da zai yi da shi. Mai bin hanyar ƙauye, mai ɗaukar buhu da goyo, ya san dalilin da ya sa irin su Bajaj Boxer da TVS, ƙirar Indiya, suka mamaye tashoshin 'yan acaɓa: injinsu ƙarami ne, shan mansu kaɗan, kayan gyaransu kuma ana samunsu har a kasuwar ƙauye. Ma'aikaci ko ɗalibi da zirga-zirgarsa cikin gari ce, ƙaramin babur irin wanda ake kira roba-roba ya wadatar da shi. Akwai ƙirar Sin irin su Jincheng da Haojue da jama'a suka daɗe da sabawa da su, akwai kuma Honda da take haɗa babura a Ota ta jihar Ogun. Ba ni da wani da zan tallata. Shawarata ita ce ka je wurin bakaniken unguwarku, wanda shi ne zai riƙa kwance maka inji, ka tambaye shi wanne ne ya fi sanin cikinsa, kuma kayan wanne ne ba sa yankewa. Babur mai ƙarfin da ya fi hannunka, wanda ka saya don a ce wane ya iso, bai dace da mafari ba. Sabon shiga yana buƙatar abin hawan da zai yafe masa kuskure.

Idan na hannu za ka saya, a nan ne fiƙihu yake shigowa tun kafin a kai ga inshora. Ka duba lambar inji da lambar jikin babur, ka tabbata sun dace da abin da ke rubuce a rasit da takardun rajista, kuma ba a goge su an sake bugawa ba. Ka nemi ganin mai shi ido da ido, a rubuta takardar ciniki da shaidu. A shari'a, abin da aka sato ba ya zama mallakin wanda ya saya komai tsarkin niyyarsa. Ranar da mai shi ya bayyana da hujja zai karɓe abinsa, kai kuma a ce ka bi wanda ya sayar maka, wanda sau da yawa ya riga ya ɓace. Wannan ban da kwanan ofishin 'yan sanda. Araha mai yawa a kasuwar babura abar tsoro ce. Shi kuma mai sayarwa da dillalinsa su sani cewa ɓoye aibi, kamar zuba baƙin mai mai kauri don a danne ƙarar inji, ha'inci ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana.

Sai kuma cinikin biya a hankali, wanda ta hanyarsa ne akasarin matasa suke samun babur a yau. Jamhurin malamai sun halatta a sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na hannu da hannu, da sharaɗin a tsayar da farashi guda da wa'adi sananne tun a wurin ƙulla ciniki. Abin da ba ya halatta shi ne a ce idan ka makara da biya za a ƙara maka kaza, domin ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne ainihin riba. Akwai kuma tambayar da matasa ba sa yi, sai ranar da masifa ta faɗa: wannan yarjejeniya sayarwa ce ko haya ce? Idan sayarwa ce, babur ya zama naka tun ranar farko, idan an sace shi asararka ce kuma sauran bashi yana wuyanka. Idan haya ce wadda za ta ƙare da mallakawa, babur na mai shi ne har ka gama, kuma idan ya salwanta ba da sakacinka ba, asarar tasa ce. Abin da na sha gani a zaman sulhu shi ne mai kuɗi ya riƙe amfanin ɓangarorin biyu: ranar da aka sace babur ya ce ai sayar maka ya yi, ranar da ka gaza biyan mako uku ya ce ai haya ce, ya ƙwace abinsa ya haɗa da duk abin da ka zuba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A rubuta komai, har da wannan tambaya da amsarta.

Yanzu mu zo kan abin da ya kawo telan.

Kafin a tambayi hukuncin inshora, ya kamata a fara tambayar abin da shari'a ta ɗora wa wanda ya buge mutum. Mutanenmu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne ta fuskar ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta sauke lamuni. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta abu biyu a kan kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci sai idan sun yafe, da kaffara, wadda a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere. Diyyar rai raƙuma ɗari ce, ko dinari dubu ga ma'abota zinari, wato kimanin kilo huɗu da kwata na zinari. Mai karatu ya tambayi farashin giram guda a kasuwa ya yi lissafi da kansa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa haɗarin hanya yana ƙarƙashin waɗannan hukunce-hukunce, kuma bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin tsare rayuka aka kafa su.

Musulunci bai bar mai kuskure shi kaɗai da wannan kaya ba. Ya ɗora diyyar kisan kuskure a kan aƙila, wato danginsa maza na wajen uba, su raba a tsakaninsu su biya cikin shekara uku. A mazhabarmu ta Malikiyya, aƙila tana ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya ko ya fi; abin da bai kai ba, daga aljihun mai laifi yake fita. Ɓarnar dukiya kuwa, kamar ka fasa wa mutum mota ko ka kashe masa saniya, aƙila ba ta shiga ciki ko kaɗan.

To, ina aƙilar saurayin da ke haya a ɗaki ɗaya a bayan gari, danginsa sun warwatsu tsakanin Legas da Abuja da Agadas, kowa yana fama da kansa? Shekaru kaɗan da suka wuce na zauna sulhu a kan wani yaro da ya buge wata yarinya mai tallar gyaɗa, ƙashin cinyarta ya karye. An fara kai ta wurin mai ɗori, ƙafa ta ƙi, aka koma asibiti aka yi aiki. Iyayenta talakawa ne, ba su nemi komai ba sai kuɗin magani. Mahaifin yaron ya sayar da babur ɗin, bai isa ba, ya jinginar da gonarsa. Gidaje biyu suka shiga ƙunci a kan daƙiƙa guda. Da na tambayi yaron ko yana da inshora, ya zaro wata takarda da ya ce an haɗa masa da ita lokacin yin lamba. Aka bincika, babu kamfanin da ya san da ita.

Tun daga ranar na daina ɗaukar wannan mas'ala a matsayin ta 'yan boko.

Maganar malamai a kan inshora ba sabuwa ba ce. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, yana cikin na farko da suka tattauna ta, a kan kuɗin da fatake suke biya don lamunin kayansu a jiragen ruwa, kuma bai halatta ta ba. A zamaninmu, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1977, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1978, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Jidda a 1985, duk sun tafi a kan cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta. Hujjarsu ita ce ciniki ne da ke cike da garari: kana biyan kuɗi sananne don sayen abin da ba ka san ko zai zo ba, ba ka kuma san adadinsa ba, idan haɗari bai faru ba kamfani ya cinye, idan ya faru ka karɓi ninkin abin da ka bayar, wanda ya sa ta yi kama da caca, ga kuma juya kuɗin a harkokin riba. Adalci ne a faɗi cewa ba a yi ijma'i ba. Shaihu Musɗafa Az-Zarƙa na Siriya, wanda babu mai shakkar zurfinsa a fiƙihu, ya saɓa musu, yana ganin abin da ake saye shi ne kwanciyar hankali, kuma ya kafa hujja da tsarin aƙila. Ni dai ina tare da jamhuri, amma ba na yarda a mayar da mai bin ɗaya ra'ayin fasiƙi.

Abin da masu cewa "haramun ce" a majalisar shayi suke mantawa shi ne waɗannan majalisu ba su tsaya a kan haramtawa ba. A cikin fatawoyin nan ɗin suka halatta inshorar taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Asalinta a Sunna sananne ne: Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'ariyyawa, mutanen da idan guzuri ya yi ƙaranci suke tara abin da kowa ke da shi wuri guda su raba daidai. A takaful, abin da ka bayar gudummawa ce ga asusun mahalarta, wanda daga cikinsa ake ɗauke wa wanda masifa ta sama. Kamfani wakili ne mai karɓar ladan gudanarwa sananne, asusun ba nasa ba ne. Ana juya kuɗin a harkokin halal ƙarƙashin sa idon kwamitin malamai. Idan shekara ta ƙare da rara, akan mayar wa mahalarta wani kaso. Idan asusun ya gaza, kamfani ya ranta masa bashi marar ruwa. Garari da yake ɓata ciniki ba ya ɓata kyauta, kuma wannan ƙa'ida ce da Malikiyya suka fi kowa fayyace ta.

Kamfanin farko na irin wannan a duniya a Sudan aka kafa shi a 1979, ƙarƙashin Bankin Faisal na Musulunci. A Najeriya, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma a 2016 ta bai wa Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi, daga baya wasu suka biyo. Saboda haka uzurin lalura, wanda malamai da yawa suka bayar ga wanda hukuma ta tilasta wa yin inshorar kasuwanci, ya ragu ƙwarai ga wanda takaful take iya isa gare shi. Wanda kuma yake inda ba ta kai ba, ya yi wadda doka ta wajabta, babu laifi a kansa in Allah Ya so.

Me doka ta wajabta? Inshorar lamunin wanda ka yi wa ɓarna, wato mutum na uku bayan kai da kamfani. A farashin da NAICOM ta tsayar daga 1 ga Janairu, 2023, babur yana biyan naira 3,000 a shekara, kuma ana biyan ɓarnar dukiyar da ya yi wa wani har zuwa naira miliyan ɗaya. Rauni da rasa rai kuwa babinsu daban ne a cikin yarjejeniyar, kuma su ne ainihin dalilin kafa dokar. Adaidaita sahu yana biyan 5,000, motar gida 15,000. Rundunar 'yan sanda ta sanar da tsananta binciken wannan takarda daga 1 ga Fabrairu, 2025. Ka lura da kyau: wannan inshora ba ta gyara naka babur ɗin, ba ta biyanka idan an sace shi, ba ta kuma biya maka naka kuɗin asibiti. Mai son haka sai ya nemi cikakkiya, wadda hukumar ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi biyar cikin ɗari na darajar abin hawa ba. Ga babur na miliyan ɗaya, naira 50,000 ke nan a shekara. Ga wanda ya ci bashi ya saya, kuma satar babur ta yi yawa a yankinsu, wannan lissafi ne da ya kamata ya zauna ya yi da gaske.

Naira dubu uku ba ta kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba. Abin takaici shi ne da yawa suna biyan wannan kuɗi ko fiye ga 'yan cuwa-cuwa da ke kewaye da wuraren yin lamba, a ba su takardar bogi. Ka yi mu'amala da kamfani mai lasisi ko wakilinsa kai tsaye. Bayan ka biya, ka duba lambar babur ɗinka a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora take gudanarwa, ana kuma iya shiga ta waya. Idan sunanka bai fito ba, ka koma ka nemi bayani tun kafin ka buƙaci takardar. Wanda kuma yake buga irin waɗannan takardu ya sani ba hukuma kaɗai yake cuta ba. Yana cin kuɗin maganin wanda za a buge gobe.

Akwai amana a wuyan mahayi ma. Idan za ka ɗauki fasinja, ka faɗa tun wurin cike takarda, domin yarjejeniyar hawan kai daban take da ta haya, kuma kamfani yana iya ƙin biya idan ya gano ka ɓoye. Ka kuma san dokar garinku: Kano ta hana acaɓa a cikin birni tun Janairun 2013, wasu jihohi ma suna da irin nasu takunkumin. Ka yi lasisin tuƙi na rukunin A, wanda ba a bai wa wanda bai kai shekara 18 ba. A nan ina da magana da iyaye. Uban da ya miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha uku makulli don ya je cefane, idan yaron ya buge wani, babu inshorar da za ta tsaya masa cikin sauƙi, kuma shi uban yana da kaso a alhakin. Haka masu wasan ganganci da babura wurin rakiyar amarya: wanda ya ɗaga taya a tsakiyar jama'a ba zai fake da sunan tsautsayi ba.

Hular kwano kuwa, masu shekaru irin nawa suna tuna abin da ya faru a farkon 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta, wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, har labarin ya zama abin dariya a kafofin duniya. Wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala, ko ya ga saurayin da ya bugu a ka ya daina gane mahaifiyarsa, ba zai ƙara yin wannan dariya ba. Wasu suna cewa ai sun yi addu'ar hawa. Madalla, a yi ta, Sunna ce. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Gyaran birki da fitila da sauya tayar da ta suɗe duk suna cikin wannan ɗauri.

Idan abin da ake gudu ya auku, kada ka tsere ka bar mutum kwance a titi. Idan ka ji tsoron fushin jama'a, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka. A fara kai mai rauni asibiti, a ɗauki hoton wurin, a karɓi rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani ba tare da jinkiri ba, a adana duk wani rasit na magani. Kada a ƙara ko sisi a kan abin da aka kashe, domin a takaful kuɗin 'yan'uwanka mahalarta ne za ka ci. Wanda aka buge kuma, ko magadansa, halal ne su karɓi haƙƙinsu daga kamfani. Kada a cika su da nasihar yafiya alhali suna da marayu a gabansu, yafiya ba ta zama yafiya sai da yardar zuci. Sannan ko an biya diyya cif, ko an yafe ta, azumin wata biyu yana nan a kan wanda ya yi kisan kuskure. Wannan babu asusun da yake ɗauke wa wani.

Telan ya dawo bayan mako uku. Ya fasa wanda launinsa ya ɗauke masa hankali, domin bakanikensu ya ce sai an aika birni ake samun kayansa. Ya sayi na hannu a wurin wani malamin makaranta da ya sani, da shaidu biyu da takarda. Ya nuna mini saƙon da ya tabbatar da inshorarsa a waya. Na tambaye shi hular kwano fa. Ya sosa ƙeya ya ce ya sayi guda ɗaya. Na ce to fasinjan da za ka goya, da wane kai zai hau? Ya yi dariya, ya ce ranar kasuwa zai ƙaro ta biyu.